Kwaɗin Nomau da Gandun Sarki

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa ta manoma, wanda Allah ya ba shi mulki da wadata, ya kuma hana shi kwanciyar rai. Mutum ne mai zargi. In bafade ya yi dariya, sai ya ce da shi ake. In ya yi shiru, ya ce wani ƙulli yake yi. Alƙalin garin, wani dattijo mai ɗacin baki, ya taɓa gaya masa cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Washegari aka raka shi ƙofar gari, shi da jakinsa da littattafansa. Tun daga ran nan fadawa suka koyi cewa "gaskiya ne" tun sarki bai rufe baki ba.

Sarkin nan yana da gandu gabas da gari, wanda daga shi ake ciyar da fada da baƙi. Wata damina, dawa ta kai gwiwa, sai tsutsa ta ɓulla a cikinta, ba ma da yawa ba. Ana cikin haka wani falke ya sauka da buhunan wani farin gari, ya ce wa sarki duk abin da ke motsi a gona, in garin nan ya taɓa shi, ya mutu. Kalmar "duk" ɗin nan ta yi wa sarki daɗi ƙwarai, don shi a ganinsa duk mai motsi abin tuhuma ne. Ya sa aka barbaɗe gandu da garin, aka ƙone ciyawar gefe, aka sare 'yan itatuwan da ke ciki don kada ɓarawo ya sami maɓoya. Tsutsa ta mutu, aka yi ta yi wa sarki kirari. Kwana ashirin ba su cika ba ta dawo, wannan karon kamar an zubo ta da kwando.

To, jikin gandun akwai wata 'yar gona ta wani tsoho, ana ce masa Nomau. 'Yar hanyar ƙafa ce kaɗai ta raba su. Wata safiya sarki ya hau ya je duba ɓarna, ya ga dawarsa ta zama tsumma, ya waiwaya ya ga ta Nomau kore shar, wake na yaɗo a ƙarƙashinta. Ya daɗe yana kallon hanyar nan. Zuciyarsa ta ce masa: tsutsa ba ta san iyaka ba, sai in an nuna mata.

Ya tura dogarai su bincike gonar. Suka dawo suka ce sun tarar da fasassun tukwane an kife su, an binne rabinsu a ƙasa, kuma ƙarƙashin kowace akwai kwaɗo a zaune. Ga toka an barbaɗa a kan ganye, ga sanduna an kakkafa a tsakiyar gona. Wanda duk ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi da tukunyar da aka binne kusa da dukiyar wani. Fadawa suka haɗa baki suka ce sammu ne. Waziri kaɗai ya sunkuyar da kai, sarki kuwa ya lura, ya ajiye wannan a ransa.

Aka kawo Nomau gaban sarki, ƙafafunsa duk taɓo, hauni mai sare kawuna yana tsaye bayansa da takobi. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Ya kai wannan tsoho, wa ke tsaron gonarka?"

Nomau ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, runduna uku. Ɗaya tana zaune a ƙasa, ɗaya tana saƙa a tsakiya, ɗaya tana sauka daga sama."

"Da me kake ciyar da su?"

"Ba na ciyar da su, ya sarki. Abokan gabana ne abincinsu."

"To, mene ne ladansu?"

"Inuwa, da ɗan ruwa, da kuma in bar su da ransu."

Sarki ya juya ga waziri, ya ce, "Ka ji ko? Ya amsa da bakinsa. Aljanu gare shi, su suka koro tsutsarsa cikin gonata." Ya ɗaga hannu ga hauni.

Nomau bai yi kuka ba. Ya ce, "Ya sarki, wuyana yana hannunka, ba zai gudu ba. Amma gani ya kori ji. Rundunar ƙasa kwaɗi ne da ƙadangaru, ta tsakiya gizo-gizo ne, ta sama tsuntsaye ne. Tukwanen da aka gani ɗakunan kwaɗi ne, don rana ba ta yi musu daɗi. Sandunan kuwa wurin saukar tsuntsu ne. Toka da barkono nake zubawa a zuciyar dawa in tsutsa ta yi taurin kai, haka na ga ubana yana yi. Ba ni kaɗai Allah ya ba wannan runduna ba. Kowace gona tana da tata, har gandunka."

Sarki ya ce, "Ƙarya kake. Da gonata tana da su, da sun tsare ta."

Nomau ya ce, "To a je a duba. In aka samo mini kwaɗo ɗaya mai rai a cikin gandun sarki, ko yanar gizo ɗaya, kafin rana ta take tsaka, a sare kaina a kan kunya, na yafe jinina."

Sarki ya auna maganar ta kowane gefe yana neman inda tarko yake. Gandu ne mai faɗi, damina ce, kwaɗo kuwa a damina har cikin takalmin mutum yake kwana. Ya ga tsohon nan ya haƙa wa kansa rami. Ya ce ya yarda. Amma da yake bai amince da kowa ba, ya ce shi da kansa zai shiga neman, kada wani ya ga kwaɗo ya take shi da ƙafa don tausayin tsoho.

Haka aka yi. Ran nan mutanen gari suka ga abin da ba su taɓa gani ba: sarki da rawaninsa, waziri da fadawa da manyan riguna, kowa a duƙe cikin kunyoyi yana ɗaga ganye. Aka zaunar da Nomau a bakin hanya, hauni na gefensa yana duban inuwa. Inuwa tana ta gajarta. Aka bi gandu daga gabas zuwa yamma, aka sake dawowa. Tsutsa dai ga ta nan, ko'ina ka sa hannu sai ka damƙo ta. Kwaɗi kuwa an same su, amma busassu, sun kwanta rigingine a cikin kwari, har ƙasa ta fara cin su.

Sarki ya miƙe, gumi na zuba, ya tsaya. Sai a lokacin ya ji abin da kunnensa ya daɗe yana ji bai gane ba: gonarsa shiru take. Babu kukan tsuntsu, babu motsin ƙadangare. Daga ƙetaren hanya kuwa, a 'yar gonar tsohon, tsuntsaye sai tashi suke suna sauka a kan sanduna. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, don wannan karon ba shi da wanda zai zarga.

Ya zo gaban Nomau, ya ce, "Wa ya kashe su?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni talaka ne, bakina bai kai nan ba. Abin da na sani, farin garin nan bai san ɓarawo ba, bai san mai gadi ba. Ya kashe su tare. Tsutsa kuwa saurin haihuwa gare ta, 'yan kwanaki ta cika gona. Kwaɗo sai ya shekara. Da ta dawo, ta tarar da gida babu kowa."

Sarki ya juya ga waziri, ya ce, "Kai da ka sunkuyar da kai ɗazu, ka san haka?"

Waziri ya ce, "Na sani, ya sarki. Ni ma ɗan manomi ne."

"Me ya hana ka faɗa tun ran da falke ya zo?"

Waziri ya ce, "Ni na riƙe wa alƙali jakinsa a ƙofar gari."

Babu bafaden da ya ce "gaskiya ne". Sarki ya dube su ɗaya bayan ɗaya, da ƙibarsu da rigunansu, ya tuna dattijon nan mai ɗacin baki, wanda shi ma ba shi da kyan gani kuma ba shi da daɗin murya. Kunya ta rufe shi. Ya gane cewa tun kafin ya zuba wa gona guba, ya riga ya zuba wa fada.

Ya sa hauni ya mai da takobi kube, ya kuma tashi mahaya su bi sawun alƙali, su roƙe shi ya dawo. Dawar bana dai ta tafi, garin neman gira an rasa ido. Sa'an nan ya ce wa Nomau, "Baba, ka ara mini kwaɗo biyu."

Nomau ya ce, "Ba nawa ba ne, ya sarki, balle in ba da aro. Ka yi musu ɗaki, ka daina kashe su, za su zo da ƙafarsu."

Aka kawo fasasshiyar tukunya. Sarki ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a gaban jama'a, ya tona ƙasa da hannunsa ya kife ta. Da ya tashi yana kaɗe gwiwa, ya ce, "Ku shaida. Sarkin da ya hukunta mai gadi tare da ɓarawo, ɓarawon ne kaɗai zai dawo masa."