Fakon da Ya Fara Shan Ruwa

Akwai wani manomi wanda mahaifinsa ya bar masa gona, amma gonar ta zama fako. Ƙasar ta ƙeƙashe, in ka sara da fartanya sai ta yi tsalle ta dawo maka. Ruwan sama kuwa bi ta kanta yake yi ya wuce rafi.

Mutumin nan ya zage damtse. Ya haƙa ramuka, ya zuba taki, ya shimfiɗa karan dawa, ya dasa itatuwa ɗari biyu, gawo da ƙirya da aduwa. Kowace shekara yakan zaga ya ƙirga su, gama a ganinsa yawan itatuwa ne kaɗai shaidar gona ta warke. A shekara ta huɗu ya sami talatin da bakwai ne kawai suka rayu, su ma ba su kai ƙugunsa ba. Bawan Allah ya fid da rai. Ya yanke shawara zai bar wa masu buga tubali su kwashe ƙasar, shi kuma ya tafi birni.

Da gwaggonsa ta ji, sai ta ɗauki tulun ruwa ta same shi a gonar.

Ya ce, "Gwaggo, kada ki wahalar da kanki. Tulu ɗaya ba zai rayar da su ba."

Ta ce, "Wa ya ce maka ban ruwa na zo yi? Biyo ni, sarkin ƙirga."

Ta kai shi gefen da bai taɓa gyarawa ba, ta zuba rabin ruwan. Ruwan ya malale ya yi gaba. Suka dawo inda ya sha wahala, ta juye sauran. Nan take ƙasa ta shanye shi.

Ta ce, "Tona nan."

Ya tona da hannu. Ga danshi, ga tana tana motsi, ga hanyoyin gara, ƙasar ta yi baƙi tana ƙanshi.

Ta ce, "Ɗana, matacce ba ya shan ruwa. Gonar ubanka ta farfaɗo, kai ne kake duba sama."

Ya daɗe a durƙushe da ƙasar a tafin hannunsa, hawaye na zuba. Da masu tubali suka zo, ya ba su haƙuri.

To, ga ma'anar wannan misali. Fakon nan zuciyar mutum ce, manomin kuwa mu ne da muke wahala a kan wani, ko ɗa, ko miji, ko ɗan'uwa da ya kauce. Mukan ƙirga sau nawa ya zo sujada, mu ce aikinmu ya tashi a banza. Amma Ubangiji yakan fara aikinsa daga ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa. Wanda a dā in ka yi masa faɗa sai ya tashi ya fita, yau yana zama ya ji. Wanda bai taɓa cewa "na yi kuskure" ba, ya faɗa sau ɗaya. Wannan zuciya ta fara shan ruwa. 'Yan'uwa, in akwai wanda kuka yi niyyar daina yi wa addu'a, kada ku sallama shi a wannan mako.