Kifin da Mai Ya Kashe

An yi wani mutum a Yankara, ta ƙasar Faskari, zamanin da kuɗin man fetur suka cika ƙasar nan, muna cikin Jihar Kaduna. Mu kira shi Harisu, ko da yake ba sunansa ke nan ba.

Sana'arsa fataucin banda. Da an gama girbi sai ya hau mota ya yi kudu, ya wuce Fatakwal, ya shiga kwale-kwale zuwa ƙauyukan masunta na bakin teku. Can yake sayen kifi, matan wurin su kyafe masa, ya ɗaure a kwanduna ya aiko wa ƙanensa Gide. Gide ya kasa a kasuwar Yankara, ya kai Sabuwa, ya kai Ƙanƙara.

Jarinsa bai fi na sauran fatake ba. Abin da ya fi su da shi yarda ce. Mai sayen banda yakan karya kifi ya shinshina, ya duba ko da tsutsa a ciki. In aka ce na Harisu ne, ba a karyawa. A ƙunshe kawai a kai gida.

Da wannan yardar ya yi wa ɗakin uwarsa Dada rufin kwano. Da ita ya sayi keke da rediyo. Da ita Malam Sha'ibu, tsohon da ke jan salla a masallacin unguwarsu, ya ba shi 'yarsa Hajaratu ba tare da dogon bincike ba. Harisu yana salla a kan lokaci, ba ya shaye-shaye, ba ya neman rigima. In ya kwanta barci yake yi. Shekarar da nake ba ku labari ya bar Hajaratu da cikin fari, ya tafi yana murna.

Yana can bakin teku sai wata rijiyar mai da kamfani ke haƙawa a tsakiyar ruwa ta fashe. Ɗanyen mai ya yi ta ambaliya, makonni suna wucewa an kasa toshe shi. Iska da igiyar ruwa suka koro shi gaɓa. Yashin da yake fari ya koma baƙi. Man ya shiga ƙoramu, ya manne wa saiwoyin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, ya lalata tarun masunta, ya gurɓata rijiyoyin sha. Kifi ya taso ciki sama, ruwa yana zubar da shi a bakin gaɓa tuli-tuli.

Kamfanin da hukuma suka tashi aiki. Aka shimfiɗa dogayen robobi masu yawo a kan ruwa don su tare man. Jirgin sama yana bi yana fesa maganin da ke narkar da shi. Aka riƙa kawo wa ƙauyuka ruwan sha da shinkafa da gari a jiragen ruwa. Aka hana kamun kifi. Aka kuma nemi leburori masu yawa, a ba su shebur da takalman roba, su kankare baƙin yashi su zuba a durom, su tattara mataccen kifi su binne a rami mai zurfi.

Fatauci ya tsaya, amma Harisu bai rasa abinci ba. Ya san wurin, yana jin Turancin kasuwa, kuma 'yan ci-rani na Arewa suna jin maganarsa. Ɗan kwangila ya naɗa shi shugaban masu binne kifi. Albashi mai kyau, abinci kyauta. Ya 'yan uwa, ku lura da wannan. Ba yunwa ce ta tura mutumin nan ba. Allah ya rufe masa ƙofa ɗaya ya buɗe masa wata a rana guda.

Amma kullum yana tsaye bakin rami yana kallon manyan kifaye suna gangarawa, irin waɗanda a da sai ya yi ciniki mai zafi kafin ya samu. Idonsa na ɗan kasuwa ne. Yana gani yana ƙiyasta kwanduna. Sannan ya san kifi ya yanke a hanya, duk wanda ya kai kaya Arewa yanzu shi ke da kasuwa.

Sai ya tuna wani abu da ya ji a karatun zaure tun yana saurayi: abin da ya mutu a cikin teku halal ne, ba ya bukatar yanka. Maganar gaskiya ce, malamai sun faɗe ta. Ya riƙe ta kam, ya ji ransa ya yi sanyi.

Ya fara ware masu kyan gani gefe, yana rufe su da ganyen kwakwa. Wani abokin aikinsa, Mamuda mutumin Daudawa, ya gan shi.

"Harisu, wannan fa mushe ne."

"Mushen mi? Kai da ka gudo daga makaranta tun ba ka iya wanke allo ba. Tambayi kowane malami, mushen teku halal ne."

"To Malam Harisu, tun da halal ne, mi ya sa ba ka kwasa sai injiniyan kamfani ya tafi cin abinci?"

"Shi Bature mi ya sani a fiƙihu? Kama shebur ɗinka."

Mamuda ya yi dariya ya kama shebur. Bai kai ƙara ba, bai kuma sa hannu ba.

Harisu ya kai kifin wurin wata tsohuwa da ta daɗe tana kyafe masa. Ta buɗe kumatun ɗaya, ta nuna masa baƙin da ke ciki, ta ce su da suka gaji ruwan nan sun daina ci, ko karensu ba su ba shi. Ta ƙi karɓar aikin. Bai yi fushi ba. Ya samo rabin durom ya haɗa murhunsa a bayan gari. Ya wanke kifin da garin sabulu, ya ba shi hayaƙi mai yawa har warin man ya ɓuya, ya shafa manja ya yi sheƙi. Wanda bai sani ba zai ce bai taɓa ganin banda mai kyau haka ba.

Ya loda wa direban da ya saba ɗaukar masa kaya, ya ba shi saƙon baki: a gaya wa Gide wannan kayan na kasuwannin nesa ne. A kai Sabuwa, a kai Ƙanƙara, a kai ƙauyuka. Kada a kasa a Yankara, kada a kai gida.

Ina tambayarku, jama'a. In halal ne, me ya hana a kasa shi a Yankara?

Kaya suka tafi, suka ƙare, aka sake aikawa. Ba wanda ya karya, ba wanda ya shinshina, ai na Harisu ne. Ko wani ya kwana yana amai a Pauwa, ko wata ta yi gudawa a ƙauyen Sabuwa, wa zai ce daga ina? Rani ne, ciwon ciki ba baƙo ba ne. Harisu ya ci gaba da aikinsa hankali kwance. Ya yi ƙiba. Da yamma yakan zauna kan durom yana jin rediyo, yana tunanin shekara mai zuwa zai biya wa Dada kujerar Makka.

Ana haka direban ya zo masa da albishir, Hajaratu ta sauka, an samu namiji. Harisu ya ɗauki izini ya kamo hanya. Mota ta lalace musu bayan Lakwaja, bai iso Yankara ba sai da hantsin ranar suna. Ya tarar an raɗa suna, an yanka rago, an raba goro, maza suna zaune kan tabarmi a ƙofar gida suna jiran abinci.

Gide ya tarye shi fuska cike da fara'a, ya karɓi jakarsa.

"Yaya, na fid da kai kunya. Ka san naman rago sai gobe za a soya. Na ce gidan masu kifi ba a ba mutane waina da miyar lami ba. Kayan nan na ƙarshe, na zaɓi manyan na kawo ma Dada."

"Ba na ce kada a kai gida ba?"

"Ka faɗa. Amma lokacin ba ka san ɗa namiji za a haifa maka ba."

Harisu ya shiga cikin gida. Mata sun cika tsakar gida, tukwane a sauke, ana zuba miya a kwanoni. Dada ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne. Ta dube shi ta ce, "Kai ne sai yanzu? Kifin nan naka ya yi kyau, sai dai miyar ta ɗan ɗauki warin kananzir. Halan wata ta taɓa fitila ta zo ta kama mani ludayi. Na ƙara daddawa da yaji, ya kwanta."

Ta labulen ɗaki ya hango Hajaratu zaune, jariri a cinya, kwano a gabanta, an zaɓar mata tsoka saboda mai jego ce. Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ya koma zaure ya tsaya. Kwanoni suna wucewa ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kai loma baki tukuna a waje. Magana ɗaya ta isa: a mayar, kada a ci. Amma in ya faɗa za a ce don me, kuma amsar za ta shiga kasuwa kafin azahar. Ya ce a ransa an wanke, an kyafe, an dafa, wuta ta ci abin da za ta ci. Ya ce mutane nawa suka ci a Sabuwa ba a ji komai ba. Ya matsa gefe ya ba masu kwanoni hanya.

Abokansa suka kira shi. "Angon ƙarni, matso mana, ko sai an yi maka shela?"

Ya ce hanya ta ɓata masa ciki, koko kawai zai sha. Suka yi masa tsiya suka ci abinsu. A ɗaya tabarmar Malam Sha'ibu ya ci, ya suɗe hannu, ya sa wa surukinsa albarka a gaban jama'a.

Kafin la'asar unguwa ta rikice. Amai da gudawa gida-gida, manya da yara. Aka yi ta jigilar mutane a akori-kura zuwa asibiti a Funtuwa. Allah ya taƙaita, akasarinsu suka tashi. Hajaratu ta sha wuya, nononta ya ɗauke, sai wata 'yar uwarta ce ta shayar da jaririn. Malam Sha'ibu tsoho ne, jikinsa bai ɗauka ba. A Funtuwa ya cika.

A wurin zaman makoki wani dattijo ya ce, ba da faɗa ba, "Duk wanda ya zauna tabarmar nan ya kwanta. Mutum ɗaya ne bai sa hannu a kwano ba." Idanu suka koma kan Harisu. Gide, wanda shi ma bai daɗe da tashi ba, ya dubi yayansa ya ce, "Yaya, mi ya sa ka ce kada a kasa shi a Yankara?" Harisu ya tashi ya bar wurin. Da Mamuda ya dawo gida noma, aka tambaye shi, ya faɗi abin da ya gani.

Ba a kai shi gaban alƙali ba. Ba wanda ya ɗaga masa hannu. Gide ya raba jari ya koma sayar da hatsi. Hajaratu ta tafi gidansu wankan jego kamar yadda ake yi a haihuwar fari, wanka ya ƙare ba ta dawo ba. Harisu ya gwada kawo kifi mai kyau daga Yawuri, ya kasa da kansa. Mutane suna zuwa su gaisa su wuce. Ya koma gishiri, aka ƙi saye. Ya sayar da keken, ya sayar da rediyon.

A unguwarsu magidanta suna ciyayya bayan magariba, kowa ya fito da kwanon gidansa a haɗu a ci. Ba su kore shi ba. Suna matsa masa wuri, yana cin nasu. Amma kwanon da Dada ta tuƙa da hannunta, haka yake komawa ciki a rufe. Tun tana tambaya har ta daina. Daga baya shi ya daina fitowa.

Ya 'yan uwa, hukuncin da mutumin nan ya riƙe ba ƙarya ba ne. Mushen teku halal ne. Amma shari'ar da ta halatta shi ita ce ta haramta cutar da mutane, ita ce ta haramta ɓoye aibin kaya. Ya ɗauki wadda ta yi masa daɗi ya bar sauran. An ɗauke shi aiki ya binne cuta, ana biyansa, sai ya kwaso ta ya kawo wa mutanen da ba su shinshina kayansa. Duk da haka Allah ya ba shi dama ta ƙarshe a zauren gidansa, ya tsaya yana auna sunansa da rayukan baƙinsa, ya zaɓi sunan. Shi ma sunan bai tsira ba.

Kai mai awo, kai mai nama, kai mai sayar da magani, in akwai abin da kake sayarwa wanda ba ka yarda a kai gidanka ba, ba ka bukatar malami ya gaya maka hukuncinsa. Ka riga ka sani.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya tsare mu daga neman hujja a kan abin da zuciyarmu ta riga ta ƙi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mutane daga hannunmu. Amin.