Tsohuwar da Ta Ƙi Fita Daga Hoto

Akwai wata dattijuwa mai suna Byeon Ok-rye, a wani ƙauye da ke gindin tsaunukan Gangwon. Ranar Asabar, tara ga watan Afrilu, da hantsi, aka ci mata mutunci. Ku riƙe ranar da kyau, domin wanda ya yi abin yanzu cewa yake yi bai tuna ba.

A saman ƙauyensu akwai mashigin Dallae, inda hanya ke gama hawa ta soma gangara. A bakin hanyar, kusa da allon da ke ɗauke da sunan mashigin, akwai tarin duwatsu da ya kai kafaɗar mutum. Duk mai ƙetarewa yakan ɗora dutse ɗaya, ya ambaci wanda yake yi wa fatan alheri. Ƙarawa ake yi, ba a ɗauka.

Uwar mijin Ok-rye ta ɗora nata a zamaninta. Mijin Ok-rye ya yi ta ɗorawa har ya rasu. Ita kuwa, tun da ɗanta ya kama aiki a jirgin kamun kifi, ba ta taɓa wucewa ba tare da ta ɗora masa ɗaya ba.

A ranar ta hau da sandarta za ta tsinko ganyen miya, sai ta tarar da wata ƙungiyar masu keke daga birni. Al'adarsu ce in sun kai ƙololuwa, kowa ya ɗaga kekensa sama a gaban allon a ɗauke shi hoto. Tarin duwatsun ya tare musu gefen allon. Shugabansu, Tak Jin-uk, ya sa aka yi ta tura duwatsun da ƙafa suna gangarawa cikin kwari.

"Kai, ɗan nan! Me kuke yi haka?"

Jin-uk ko juyowa bai yi ba. "Kaka, ɗan matsa, kina shiga hoto."

"Na ce wa ya ba ku izinin taɓa duwatsun nan?"

"Duwatsu dai? Kaka, tsaunin nan kaf dutse ne. Ɗebi son ranki, babu mai hana ki."

Suka kwashe da dariya. Wata daga cikinsu mai suna Seo Mi-ran ta ce, "Shugaba, bi ta a hankali, ƙila ta san su da suna."

"Na san su kuwa," in ji Ok-rye. "Kai kuma shekarunka nawa, da za ka yi mini magana da hular kwano a ka, baƙin tabarau a ido?"

Sai kawai ya ɗaga waya ya ɗauke ta bidiyo tana haki. Da yamma ya saka a shafin ƙungiyarsu, ya sa masa suna "Mai gadin tsakuwa".

Mutanen ƙauye suka fusata. Mai gari ya ce zai tara maza, kafin la'asar an sake gina tarin. Ok-rye ta ce atafau.

"Ku kuka zubar? To ku zauna. Waɗanda suka tura su kwari su za su hauro da su."

Asabar ta gaba ta hau mashigin da tabarma, da dafaffiyar masara, da shayin sha'ir a gora. Ta shimfiɗa tabarmar daidai inda tarin yake a da, ta zauna a gindin allon.

Masu keke suka fara isowa, gumi na tsiyaya, ƙafafu na karkarwa. Wanda ya kwashe rabin yini yana taka keke a kan hawa, hoton nan shi ne ladansa.

"Kaka, yi haƙuri, ɗan gusa mana kaɗan."

"In gusa ina? Wurin nan na duwatsu ne, riƙe musu nake yi kafin su dawo. Zauna ka ci masara, ka ga yadda ka yi wujiga-wujiga."

Duk wanda ya karɓi masara sai ya ji labarin abin da aka yi wa duwatsun. Ba ta ƙara komai, ba ta rage komai. Tana gamawa sai ta gyara ɗankwalinta ta ce, "To, ɗaga kekenka, a ɗauke mu."

Haka hotuna suka yi ta fita: mutum da keke a sama, tsohuwa zaune a ƙasa. Kowa ya gani sai ya tambaya, wace ce wannan? Amsar kuma kullum sai ta ƙare da sunan Jin-uk.

Kada ku ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Damina ta sauka, hazo ya riƙa rufe mashigin, gwiwoyinta suka kumbura. Matar ɗanta ta kira ta tana kuka.

"Inna, a kan duwatsu za ki kashe kanki?"

"Na mijinki suna ciki. In na tashi, gobe mota za a riƙa ajiyewa a wurin."

Wata Asabar sai ga Seo Mi-ran ita kaɗai. Ta jingine kekenta, ta cire hula, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa gwiwa. Sannan ta gangara kwarin da takalmanta na keke masu santsi, tana zamewa tana kama saiwa. Ta hauro da dutse ɗaya, gwiwar hannunta na jini.

Ok-rye ta dubi dutsen, ta dubi yarinyar, sannan ta naɗe gefen tabarmar. "Ajiye nan. Zo in ga hannun."

Daga nan sauran 'yan ƙungiyar suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya hauro da dutse, ba ya sake komawa ƙungiyar. Sauran ƙungiyoyi suka daina gayyatar Jin-uk. Mutumin da a da yake jan ayari a bayansa ya koma hawan tsauni shi da inuwarsa.

Sai ya zo. Amma ku lura da yadda ya zo: ranar Talata, lokacin da babu kowa a hanya, ya same ta a gida da kwalin 'ya'yan itace.

"Kaka, a bar maganar nan tsakaninmu. Ai na goge bidiyon."

"Ranar da ka yi dariya, mu biyu ne a wurin?"

"Wasa ne kawai, ban ma tuna abin da na faɗa ba."

"Ni na tuna." Ta tura masa kwalinsa da sanda. "Asabar za ka zo. Ka cire hula, ka sauka kwarin da ƙafarka, ka faɗi abin da ka yi kowa yana ji."

Bai zo ba. Tarin ya kai ƙugunta yanzu, ta hana a ƙarasa shi. Iska ta fara sanyi a kan Dallae, ganye ya fara ja, ita kuma tana nan zaune da gwiwoyinta masu ciwo.

Darasi: Wurin da kake wucewa na minti biyar don hoto, rayuwar wasu ce gaba ɗaya. Kuma wanda ya wulaƙanta mutum a bainar jama'a ba shi da ikon ba shi haƙuri a ɓoye. Ku yaɗa wannan labari har ya isa ga Tak Jin-uk. Muna neman ya hau Dallae ranar Asabar, ya ɗauko dutsensa, ya nemi gafarar Byeon Ok-rye a gaban kowa, kafin dusar ƙanƙara ta sauka a kanta.