Wanda Yake Tare Maka Iska

Akwai wani tela da 'yan gidansu ke kira Auta, ko da yake ya haura shekara arba'in. Yana da yaya kafinta, mutum mai sanyin hali. Sau ɗaya a shekara sukan rufe shagunansu, su hau keke tun da sassafe, su bi gefen babbar magudanar ruwan da ke shayar da gonaki har ƙauyen da yayarsu take aure. Tafiyar kilomita casa'in ce, kuma shekara goma sha biyu suna yin ta.

Kullum kafinta ne a gaba, Auta na biye da shi taya da taya. Idan saura kaɗan a isa, sai Auta ya fito ya wuce fuu, ya riga shi, ya yi ta cika baki har a dawo gida.

Bana Auta ya sayi sabon keke marar nauyi, kansa ya ƙara girma. Da suka tsaya shan shayi a gindin wata gada, sai ya ce, "Yaya, gaskiya kana ja mini baya. Badi da 'yan ƙungiyar tsere zan zo."

Kafinta ya gama tauna burodinsa, ya ce, "To, Auta. Idan nauyi nake maka, bana ce ta ƙarshe. Wuce abinka."

Maganar ƙanen nasa ta yi masa ciwo.

Auta ya taka feda ya ɓace. Da farko abin daɗi: ruwa na tafiya a hankali a hagunsa, balbelu na tashi daga gonaki, wani mai kamun kifi ya ɗaga masa hannu.

Da bishiyoyi suka ƙare, hanya ta fita fili, sai ya ji iska ta tokare masa ƙirji. Ya duba taya, babu faci. Ya duba birki, lafiya ƙalau. Yana takawa da iya ƙarfinsa, keken kamar an ɗaura masa buhun siminti. Kafin awa biyu ya gaji liƙis, ruwan gorarsa ya ƙare. Gogan naku ya sauka ya zauna a bakin hanya yana haki.

Can sai ga kafinta tafe a kan tsohon kekensa, ba sauri ba tsayawa. Ya miƙa masa ayaba da gorar ruwa.

"Yaya, yau wace irin iska ce haka?"

"Ta kullum ce. Kowace shekara haka take a nan."

"Ni ban taɓa jin ta ba."

"Ai ba za ka ji ba. Na baya ba ya jin ta sosai. Hau, ka matso kusa da tayata."

Auta ya bi bayansa, nan take tafiya ta yi sauƙi. Ya kalli rigar yayansa da gumi ya jiƙa sharkaf, kunya ta kama shi har ya kasa ɗaga kai.

Da suka bar magudanar suka hau hanyar ƙauye, ya ce, "Yaya, ka yafe mini. Koma baya, yau ni zan tare."

Ya shiga gaba, yana waiwaye don kada ya yi masa nisa. Ba a jima ba ya ji kafinta yana ba shi labarin wani tebur da ya yi wa ƙafa biyar, yana dariya har keken na karkacewa.

Auta ya ce, "Ashe kana hira a kan keke? Ni na ɗauka ba ka son magana a hanya."

Kafinta ya ce, "Ina so mana. Numfashin yin ta ne ban taɓa samu ba. Badi ka tuna mini, akwai sauran labarai."

Darasi: Idan tafiyarka tana sauƙi, duba gabanka da kyau, wataƙila wani ne yake shan wahalar a madadinka bai faɗa ba. Gode masa tun yana nan, kuma ka karɓe shi wani lokaci. Tura wannan labari ga wanda ya daɗe yana tare maka iska.