Mai Barkwancin Da Mahaifiyarsa Ta Daina Hira A Gabansa

Akwai wani mai barkwanci da yake gabatar da shirin hira a talabijin. Mutumin nan Allah Ya ba shi baki. Ko gaisuwa kuka yi sai ka dara. In kuwa ya zaunar da baƙo a kujerar shirinsa, ko da irin manyan nan ne masu cin magani, kafin a tafi talla baƙon ya saki jiki yana ba da labarin dukan da ya sha a makaranta.

A waje ana ce masa Zaƙin Baki. A gida kuwa Auta ne, domin shi ne ƙaraminsu.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ba shi ya fi kowa ban dariya a gidansu ba. Mahaifiyarsa ce.

Mama tela ce, kekenta na ɗinki yana bakin tagar falo a wani gidan bene na haya. Tana ɗinki tana hira, allura a gefen baki, kuma ba wanda zai shigo ya fita ba ta ɗauke muryarsa ba. Mai gidan haya in ya zo duba famfo, mai kawo takardar wuta, matar da za ta kawo yadi ɗan mitsitsi ta ce a fitar mata da riga da zane da ɗankwali, duk Mama za ta yi su tsaf, 'ya'yanta suna birgima a ƙasa. Amma a cikin gida kawai take yi. A waje, da wuya ka ga mace mai kamun kai kamarta.

A gindin keken nan Auta ya koyi sana'arsa ba tare da ya sani ba. A nan ya gane inda ake jan magana da inda ake yin shiru a bar mutane su dara.

Da ya girma ya fara da tarukan makaranta, ya koma rediyo, daga baya aka ba shi fili a talabijin. Farkon shirin bai yi armashi ba, gaskiya. Wata rana abin faɗa ya ƙare masa a gaban 'yan kallo, sai kawai ya ji bakinsa ya ce, "Mamana ta ce..." Ya kawo labarin matar nan mai ɗan yadi, da muryar da Mama take yi mata. Zauren ya kusa rushewa don dariya.

Daga ranar aka buɗe sashen "Mamana Ta Ce" a shirin, kuma shi ne ya ɗaga Auta sama.

Da farko 'yan gida sun ji daɗi. Amma a hankali yayarsa mace, wadda duk gidan suke kira Yaya, ta lura da wani abu. In ana hira aka faɗi abin dariya, Auta ya daina dariya da kowa, sai dai idonsa ya yi wani ƙyalli, ya gyara zama. Ba a mako sai a ji maganar a talabijin. Ta ja masa kunne, ya ce ai wasa ne, kuma ba ya kama sunan kowa.

To, Mama tana da aminiya a saman benen, ana ce mata Maman Sama. Tare suka yi rainon 'ya'yansu, tare suka yi zaman makokin mazajensu. Maman Sama tana da ɗan tarin da take yi kafin ta kawo gulma, sannan ta ce, "Ni dai ba ruwana." Tana kuma da wani sirri: haƙoranta na gaba na roba ne. Wata rana suna wanki su biyu ta yi dariya, haƙoran suka yi tsalle suka faɗa bokiti, suka ɓata lokaci suna lalube a cikin kumfa. Mama kaɗai ta gani, kuma a falonta kaɗai ta ba da labarin.

Auta ya kai shi talabijin. Bai faɗi suna ba, haka ne. Amma ya yi tarin, ya ce "ni dai ba ruwana" da muryarta sak. Duk wanda ke layin ya gane ko wace ce.

Washegari yaran layi suka fara tambayarta ko an tsamo haƙoran. Maman Sama ba ta ƙara saukowa falon Mama ba. Ba a daɗe ba ta tattara kayanta ta koma wajen ɗanta a can wata unguwa mai nisa.

Mama ba ta yi wa Auta faɗa ba. Da faɗan ta yi masa ma, da ya fi masa sauƙi. Hira kawai ta daina yi a gabansa.

Zai zo gidan da yamma, tun daga matakala yana jin dariyar Yaya da ta yara, yana jin muryar Mama tana canzawa daga wannan mutum zuwa wancan. Da ya yi sallama sai falon ya yi tsit, sai ƙarar keke. Mama za ta ce masa sannu da zuwa, ta tambayi aiki da iyali, ta ce a zuba masa abinci. Shi ke nan.

Ya ɗauka abin na 'yan kwanaki ne. Kwanaki suka zama shekaru.

Ba irin dabarar sana'arsa da bai gwada a kanta ba. Ya yi mata tambaya ya yi shiru yana jira, yadda yake yi wa baƙinsa. Ya fara labari ya bar shi a tsakiya ko za ta ƙarasa. Sai ta ce, "Allah Sarki," ta ci gaba da sa zare a allura. Mutumin da yake sa manyan ƙasa su zuba kamar famfo ya kasa samun hirar kirki daga uwar da ta haife shi.

Har ta kai in ya zo ba ya saurin hawa. Sai ya tsaya a kwanar matakala, inda ba a ganinsa, yana sauraron dariyar da ke fitowa ta ƙasan ƙofa. Ba ya jin kalmomin, sautin kawai. Wani lokaci daga nan yake juyawa ya koma mota, don kada ya shiga ya ɓata musu.

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ranar da 'yarsa ta dawo daga gidan kakarta tana ta ƙyalƙyala dariya ita kaɗai. Ya tambaye ta me aka ce. Yarinyar ta dube shi ta ce, "Kaka ta ce kar mu gaya maka."

Sashen "Mamana Ta Ce" bai tsaya ba, amma yanzu ƙirƙira yake yi, kuma 'yan kallo ba wawaye ba ne, sun ji gishirin ya ragu. Mai shirya shirin ya fara matsa masa. Ya ce shugabannin tashar suna maganar ɗauke shirin daga lokacin da kowa ke kallo, sai dai in ya dawo da Mamar nan ta da.

Ana cikin haka idon Mama ya matsa mata, aka yi mata aiki a asibiti, aka naɗe idanun da bandeji. Auta ya je dubiya da rana. Ya tura ƙofar ɗakin a hankali, sai ya tarar tana tsakiyar labari. Yaya na zaune a bakin gado. Ta ɗago ta gan shi, ta ɗora yatsa a leɓe.

Ya lallaɓa ya zauna a kujerar bayan ƙofa.

Mama ba ta san yana nan ba. Ta yi likita, ta yi ma'aikaciyar jinya mai takalmi mai ƙara, ta yi mai shara da ke ba marasa lafiya shawarar magani. Ita da ba ta gani, da kunne kawai ta kwashe su duka. Auta ya cusa hankici a baki don kada dariya ta tona shi, hawaye na zuba. Shi kansa bai san ko na dariya ne ko na kewa ba.

Da ta lafa, Yaya ta tambaye ta da gangan ko ba ta kewar hira da Auta.

Mama ta ce, "Kewa kai. Duk cikinku shi kaɗai ya san inda ake dariya. Ke sai na gama kike yi, shi kuwa tun ina jan numfashi ya gane inda na dosa. Amma ina tsoron kunnensa. In na yi magana a gabansa ban san mutum nawa ke saurarona ba. Bakina ya riga ya raba ni da mutum ɗaya, ba na so ya ƙara."

Auta ya tashi ya fita kamar yadda ya shigo.

Jama'a, ku duba irin jarabawar nan. Abin da ya ji a ɗakin nan ya ishe shi ya ceto shirinsa. A mota ma sai da ya gwada muryar likitan, ta fito sak. Ya san in ya yi ta a gaban kyamara, gari zai kwana yana maganarsa.

Ranar shirin ta zo, kuma kai tsaye ake nunawa. Da aka iso sashen, 'yan kallo suka fara tafi suna cewa, "Me Mama ta ce? Me Mama ta ce?" Auta ya tsaya a tsakiyar fitilu.

Ya ce, "Mama tana gida tana jinya, ku sa ta a addu'a. Abin da take faɗa a ɗakinta nata ne. Na daɗe ina ɗebo muku ba da izininta ba, kuma daga yau na daina."

Zauren ya yi tsit. Mai shirya shirin yana ta magana a na'urar da ke kunnensa, ya cire ta ya sa a aljihu, ya kira baƙo na gaba.

A gida kuwa an sallamo Mama, tana kwance a falo tana sauraron talabijin. Yaya ta gaya mata cewa ranar nan a asibiti Auta yana ɗakin. Mama ta tambaya ko duka ya ji. Yaya ta ce duka. Sai kawai Mama ta ce a ba ta ruwa.

Tashar ta cika alkawarinta, aka mayar da shirin safiya, lokacin da mutane ke hanyar aiki. Masu talla suka janye. Waɗanda ke rububin ɗaukar hoto da shi suka ragu. Abin ya yi masa zafi, ba zan ɓoye muku ba, domin mutumin da ya saba da tafi ba ya rabuwa da shi cikin sauƙi.

Sai ya nemi gidan ɗan Maman Sama, ya je shi kaɗai, ba kyamara, ba direba. Ta bar shi a tsaye ya daɗe kafin ta nuna masa kujera. Ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Ya ce Mama ba ta aike shi ba, kuma tun daga ranar ba ta ƙara dariya a gabansa ba.

Tsohuwar ta ce, "Haƙora ai kowa na iya rasawa, ɗan nan. Abin da ya ƙona min rai, na ji tarina a bakinka, na kuma san a bakin wa ka samo shi. Ka ɗauka ni ba na kwaikwayonta? Ina yi, har tafiyarta. Amma nawa 'ya'yan ba su kai ta bainar jama'a ba."

Ba ta ce ta yafe ba. Ya tashi ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki Auta ya kai wa Mama maganin ɗiga a ido. Yana zaune shiru kamar kullum, sai aka ji wani ɗan tari a matakala. Mama ta miƙe zaune.

Tsofaffin nan biyu suka gaisa kamar baƙi. Aka tambayi jiki, aka tambayi yara. Can Maman Sama ta dubi bandejin da ya rage a ido ɗaya ta ce yanzu dai an yi kunnen doki, kowa da abin da likita ya taɓa masa. Mama ta fashe da dariya, ita ma ta fashe, har da dafe baki.

Auta ya ga hira za ta ɓarke. Ya ɗauki makullin motarsa ya miƙe don ya ba su wuri, yadda ya saba.

Mama ta ce, "Auta, ina zuwa? Ajiye makullin nan ka zauna."

Ya zauna a ƙasa kusa da keken ɗinki, da furfurarsa da komai.

Allah bai ba su lokaci mai tsawo ba. Mama ba ta daɗe sosai bayan haka ba ta rasu. Amma a ɗan tsakanin nan kusan kullum Auta yana falon da yamma. Yaya ta ce wani lokaci Mama takan tsaya a tsakiyar magana ta dube shi, kamar tsohon tsoron ya taso, sannan ta ci gaba. Ta ce abin da ya fi sa shi kuka bayan rasuwar shi ne shekarun da ya yi a matakala, waɗanda ba mai dawo masa da su.

Har yau yana gabatar da ɗan shirinsa na safe. Masu hira da shi sukan tambaye shi me Mama ta riƙa faɗa a kwanakinta na ƙarshe, wasu har sun so ya yi shiri na musamman a kai. Murmushi kawai yake yi. Ni ma da Yaya ta ba ni wannan labari da yardarsa, na roƙe ta ko guda ɗaya ta faɗa min. Ta ce in je in tambayi Auta. Na tambaye shi. Ya yi dariya shi kaɗai har ya share ido, ya ce min, "Wannan namu ne."

Darasi: Maganar da aka yi a gabanka don an yarda da kai amana ce, ko da ta dariya ce. Kada ka sayi tafin mutanen waje da sirrin mutanen gidanka, domin ranar da suka daina sakin jiki a gabanka, ba sunan da ka yi da zai cike maka wannan gurbi. In akwai wanda ya yi shiru da kai saboda bakinka, je ka ba shi haƙuri tun yana raye. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, musamman mu da komai muka ji a gida sai mun ɗora a waya.