Injiniya da Keken Surukarsa

A wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da igiyar shanya ɗaya, an yi wani mutum da ake kira Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma daina amsa sallamar duk wanda ya kira shi da wani suna. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a gidan waya, da ya yi ritaya sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishi gari guda: in shawara ta fito daga bakin wanda ba ya so, ko da "sha ruwa" ce, gara ƙishirwa ta kashe shi.

Wata rana ya dawo daga kasuwa da kwali a hammata. Bindigar feshin fenti ce ta roba, mai araha, irin wadda ake jona wa wuta, da ɗan kofin zuba fenti a ƙarƙashinta. Tun daga ranar babu abin da ya tsira. Ya fesa kejin tsuntsu, ya fesa kwandon shara, ya fesa marfin rediyo. Komai kore shar, don launin da ya saya ke nan. In ya gama sai ya ja da baya, ya riƙe ƙugu, ya jira yabo. Mutanen gidan kuwa, da yake hassada ta yi musu katutu, sai su wuce suna toshe hanci.

Ɗakin da ke kallon nasa na wani mai fentin mota ne, wanda ya shekara ashirin a sana'ar, farcensa bai taɓa fita tas ba. Gabarsu ta samo asali ne daga wata 'yar kujera da Injiniya ya fesa ya ajiye a rana, fenti na zuba a ƙafafunta. Mai Fenti ya tsaya ya dube ta, ya ce, "Injiniya, wa ya mutu wa kujerar nan? Na ga tana hawaye."

"Uwar mai tambaya," in ji Injiniya.

"Allah ya ba ka haƙuri. Amma keji da kujera ai wasan yara ne. Ƙarfe mai santsi shi ke tona asirin mai fenti."

Maganar nan ta tsaya wa Injiniya a wuya kamar ƙayar kifi. Ya shiga ɗaki yana neman ƙarfe mai santsi, idonsa ya faɗa kan keken ɗinkin matarsa.

Keken baƙi ne, mai zanen furanni na ruwan zinariya, gadon mahaifiyarta. A gindinsa akwai layuka bakwai da marigayiyar ta karce da tsinin almakashi, layi ɗaya ranar da ta ɗinka wa kowane ɗanta rigarsa ta fari. Matar Injiniya ita ce layi na huɗu. Kullum da safe, kafin ta taka feda, sai ta shafa layin nan da yatsa.

Ta ga irin kallon da yake yi wa keken, ta ce, "Baban yara, fesa duk abin da ka ga dama a ɗakin nan, har ni in na yi barci. Amma keken Inna, kul!"

"Wa ya ce zan taɓa miki? Ku mata ba ku san ci gaba ba."

Ranar Asabar da hantsi ta fita kai ɗinki. Ko kwanar layi ba ta sha ba ya kwance kan keken, ya rungumo shi zuwa tsakar gida, ya ɗora a kan benci. A nan dole a yi masa adalci: ya fito da tsofaffin jaridu da salatif don ya rufe wuraren da bai kamata fenti ya shiga ba, ya kuma fito da kwalbar tina don ya tsinka fentin. Ya san abin da ya kamata. Sai ga Mai Fenti ya fito da buta.

"Kai! Keken Maman yara ne wannan? Ta sani?"

"Kai ne mijinta?"

"To in ka rantse sai ka yi, rufe wurin allura da ramin kwarkwaro da gindin nan da takarda. Ka tsinka fentin da tina, ƙananan bindigogin nan ba sa jan mai kauri. Ka gwada a kan kwali tukuna, ka kuma matsa baya taki ɗaya."

Injiniya ya dubi jaridar da ke hannunsa. In ya rufe yanzu, gobe duk gidan za a ce Mai Fenti ne ya koya masa. Shi, da ya buga hatimi a kan wasiƙun manya! Ya dunƙule jaridar ya jefa a kwata, ya ture kwalbar tina da ƙafa.

"Masu rawar hannu ke rufe-rufe," in ji shi. "Koma ka shafa wa tsofaffin motoci hoda."

"Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba," in ji Mai Fenti. Ya jawo kujera ya zauna kallo.

Injiniya ya cika kofi da fenti mai kauri kamar kunun da ya kwana, ya matso har bakin bindigar na neman sumbatar ƙarfen, ya danna kunama. Bindigar ta yi gurnani, ta yi tari, sannan ta tofa wani gudan kore a kan furannin. Mai Fenti ya yi gyaran murya. Don ya ɓoye gudan, Injiniya ya ƙara feshi. Don ya ɓoye hawayen da ya biyo baya, ya ƙara wani. Kafin azahar ya bi keken sau uku, ciki da bai, rana kuma ta gasa shi. Kai ka ce ƙaton kwaɗo ne ya hau benci.

Da matar ta dawo ba ta yi ihu ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ta ajiye jaka, ta kama hannun keken ta juya. Ko motsi. Ta kai yatsa gindinsa, ta shafa, ta sake shafawa.

"Ina layukan Inna?"

"Ai suna nan a ƙasa, an dai ƙawata..."

"Ina layina, Baban yara?"

Da la'asar, ga mutanen gida duk a waje, Injiniya ya ɗauki keken ya taka taki goman da ke tsakanin ɗakunan biyu, ya yi sallama.

"Wa nake ji? Ba dai Injiniya ba?" in ji Mai Fenti. "Ai mu masu rawar hannu ne."

"Don darajar marigayiya, ba don ni ba."

Mai Fenti ya karɓa. Kwana uku yana kwance ƙarafuna yana wanke su ɗaya bayan ɗaya. Keken ya tashi, yana ɗinki sumul. Amma tina ba ta san kore daban, zinariya daban ba. Da koren ya fita, ya tafi da furannin, ya tafi da baƙin fentin asali, layukan kuwa a jikin baƙin aka karce su. Abin da ya rage farin ƙarfe ne tsirara.

Matar ta yi wa Mai Fenti godiya, ta ɗauki kekenta. Har yau tana ɗinki da shi. Kullum da safe yatsanta kan tafi wurin da kansa, ya tsaya, ya dawo. Injiniya kan ga haka ya sunkuyar da kai.

Bindigar kuwa matar ba ta yar da ita ba. Ta wanke ta tas, ta cika kofin da ruwa. Duk ranar guga sai ta shimfiɗa kaya a tsakar gida ta miƙa masa, ta ce, "Injiniya, fesa. Ruwa dai ba ya cin gadon kowa." Daga can ƙofarsa Mai Fenti ya ɗaga murya: "Matsa baya taki ɗaya!" Injiniya ya harare shi, ya yi ƙwafa, sannan ya matsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gaskiya ba ta lalacewa don ta fito daga bakin maƙiyinka. Za a ce laifin bindiga mai araha ne, to ba nata ba ne. Da an tsinka mata fenti, an gwada a kwali, an rufe abin rufewa, da ta yi aikinta daidai ƙarfinta. Wanda ya yar da abin da ya sani don kada a ce wane ne ya faɗa masa, bai ƙuntata wa wane ba, na gida ya cuta. Kuma in za ka koyi sana'a, koye ta a kan kwandon shararka, kada ka koye ta a kan abin da wani ba shi da na biyunsa.