Injiniyan da ya zaɓi abin da ido ke gani

An yi wani mutum, injiniya ne, aka damƙa masa amanar wata babbar gada. Duk damina ruwa yakan kwashe yashin gindin ginshiƙanta, don haka aka ce ya zaɓi na'urar da za ta riƙa lura da zaizayar.

Na'ura biyu aka kawo masa. Ta farko sandar ƙarfe ce mai zobe, ana kafa ta a ƙarƙashin ruwa. In yashi ya zaizaye, zoben ya sauka, ƙararrawa ta kaɗa a ofis. Ta biyu kyamarori ne da ake liƙawa a saman gada, da ƙaton allo mai kala.

Mataimakiyarsa ta ce, "Yallaɓai, ruwan nan jawur yake da laka. Kyamara ba za ta ga ƙasa ba."

Ya yi dariya ya ce, "To in manya suka zo zagaye, nutso za mu yi da su mu nuna musu sandarki?"

Ya 'yan uwa, ba jahilci ba ne. Ya fi kowa sanin gaskiyarta. Cutarsa ita ce riya: son a gani, a yaba.

Ya zaɓi kyamarori, aka kafa allo a ofishinsa. Baƙi suna zuwa, suna jinjina masa, shi kuwa sai hura hanci. A allo gada tsaf, ba ko tsaga. A ƙasa ruwa yana ta rarake gindin ginshiƙin tsakiya. Wa zai faɗa masa? Ai sandar da za ta faɗa, ya ƙi ta.

Wata safiya yana shan shayi, idonsa a kan allo, ya ga ginshiƙin ya durƙusa. Motar haya cike da ma'aikata tana bisa gadar. Ya ga fuskar direban sarai. Ya kurma ihu, amma wa zai ji shi daga ofis?

Gadar ta rufta da motar. Aka ƙwace lasisinsa, aka ɗaure shi. Ya fito, amma har yau in zai ƙetare gada sai an rufe masa ido.

Jama'a, aikin da ba mai gani sai Allah, shi ke riƙe da mutum. Kai da kake gyara sallarka in an shigo masallaci, me ke rarake ginshiƙinka a ɓoye?

Allah ya tsare zukatanmu daga riya, ya kiyaye mu da cin amanar da ke wuyanmu. Amin.